Kwamfuta Ga Kowane Ɗalibin Ƙaramar Sakandare: Abin Da Za A Yi Da Wanda Ba Za A Yi Ba

A shekarar 2002 jihar Maine, can ƙuryar arewa maso gabashin Amurka, ta zama jiha ta farko a ƙasar da ta damƙa wa kowane ɗalibin aji bakwai na makarantun gwamnati kwamfutar tafi-da-gidanka. Da shekara ta zagayo aka haɗa da 'yan aji takwas. Waɗannan azuzuwa su ne takwarorin aji ɗaya da aji biyu na ƙaramar sakandare a Najeriya, yara 'yan shekara 12 zuwa 14. Gwamna Angus King ne ya kafe sai an yi, duk da sukar da ya sha daga 'yan majalisa da masu biyan haraji. Aka ƙulla kwangilar shekara huɗu da kamfanin Apple a kan kusan dala miliyan 37, yara da malamai sama da 30,000 suka karɓi tasu.

Zuwa 2017, shekara 15 ke nan, jihar na kashe wajen dala miliyan 12 duk shekara a kan shirin, amma sakamakon jarrabawar gama-gari ta jihar bai nuna wani tashi na a-zo-a-gani ba. An samu riba, ba a ce ba a samu ba: rubutun zuben yara ya inganta, ɗan masunci da ɗan likita suka riƙe na'ura iri ɗaya. Sai dai a tuna, wannan jiha ce mai wuta dare da rana, mai azuzuwa marasa cunkoso, wadda malamanta ke karɓar albashi a kan kari. Idan ribar da ta samu ke nan bayan duk wannan tanadi, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sayen doki ba shi ne wahala ba, harawar kowace safiya ita ce wahalar. Rabon kwamfuta aikin yini ɗaya ne. Abin da ke mayar da ita kayan karatu aikin shekara huɗu ne, kuma a nan ake faɗuwa. Dokokin da ke tafe na gwamna ne da kwamishina, da shugaban makaranta, da malami, da uba. Ba a zaɓar na yi a bar na bari.

ABIN DA ZA A YI

1. Ku rubuta abin da kuke so yaro ya iya kafin ku tambayi farashi.
"Zamani ya canza" ba manufa ba ce. Manufa ita ce a ce: kafin yaro ya gama aji biyu zai iya buga insha'i mai shafi guda, ya gyara shi sau uku bisa gyaran malami, zai iya zuba alƙaluma a jadawali ya fitar da zanensu, zai iya bambance labarin da ke da tushe da na ƙanzon kurege. Ku rubuta wannan a takarda, ku auna yaran a kansa tun kwali bai iso ba, ku adana sakamakon. A Maine, Gwamna King ya fi kallon shirin a matsayin hanyar shirya yara don ayyukan gobe da rage tazarar mai shi da mara shi, masu suka kuma suka riƙa auna shi da makin jarrabawa. Aka shekara da shekaru ana jayayya, kowa da ma'auninsa. Ku tsayar da naku ma'aunin tun ranar farko.

2. Ku ba malami tasa kafin ɗalibi.
Wannan na daga cikin abubuwan da Maine ta yi daidai: malamai sun karɓi nasu watanni kafin yara, an horar da su, kuma kowace makaranta ta ware malami guda da zai ja ragamar 'yan uwansa. Ku ba malami aƙalla zango guda yana sarrafa tasa a gida da ofis. Horon kuma ya zama na darasi-darasi. Malamin lissafi a nuna masa yadda zai koyar da kusurwa da ita, malamin kimiyya yadda yara za su rubuta sakamakon gwaji, malamin Hausa a tabbatar an saka masa madannan da ke fitar da ƙ da ɗ da ɓ. Taron bita na kwana uku a otal, da jakar hannu da kuɗin mota, bai horar da kowa ba. Horo na gaskiya shi ne wanda mai horarwa zai dawo wata bayan wata, ya zauna a bayan aji ya ga abin da ake yi. Malamin da ke tsoron na'ura zai hana yara buɗe ta, kuma ba za a ga laifinsa ba.

3. Ku yi lissafin shekara huɗu cif, ku saka shi a kasafin kuɗi.
Kwangilar Maine ba ta tsaya ga kwamfuta ba: ta haɗa da gyara, da jan intanet cikin azuzuwa, da horo, da na'urorin ko-ta-kwana. Ku jera naku: batirin da zai mutu, cajar da za ta ɓace, gilashin da zai fashe, kuɗin wuta, kuɗin intanet, albashin mai gyara, jakar ɗauka, da kuɗin sayen sababbi idan wa'adin waɗannan ya cika. Ku ƙara da ɗaliban da za su shigo aji ɗaya baɗi da baɗin baɗaɗa, domin su ma 'ya'ya ne. Idan jimlar ta fi ƙarfinku, ku rage yawan makarantu. Kada ku rage ko layi ɗaya daga jerin.

4. Ku tanadi wuta kafin kwali ya iso.
Ku shiga aji ku duba da idonku. Yara 60, soket ɗaya a jikin bango kusa da allo, shi ma murfinsa ya fashe wayoyi na leƙowa. Cajar ƙaramar kwamfuta na jan kimanin wat 45. Sau 60, wat 2,700 ke nan a aji ɗaya tak idan an jona su lokaci guda, ban da fanka da fitila. Makaranta mai azuzuwa 12 ta haura wat 32,000. Wannan lissafin injiniya zai yi shi, ya faɗi yawan farantan sola da batiran da ake buƙata, ya tsara cajin bi-da-bi a akwati mai makulli da iska ke ratsawa. Ku sa ƙurar hunturu da zafin bazara a lissafi: ƙura na toshe fankar na'ura, zafi na cinye batir. Kwamfutar da ta mutu da ƙarfe goma na safe ta zama kaya a jakar yaro har a tashi.

5. Ku ajiye mai gyara a kusa, da na'urorin canji a hannu.
Yaro ɗan shekara 12 zai yar da ita. Zai danne ta da littattafai a jaka, zai rufe murfi da biro a tsakani gilashin ya tsage, ƙanwarsa za ta zuba mata koko. Wannan ba zato ba ne. A firamaren Galadima da ke gefen Abuja, inda aka gwada kwamfutocin shirin One Laptop per Child a 2007, cikin 'yan watanni gommai daga cikin kusan 300 sun lalace ko sun ɓace. Ƙasar Uruguay, wadda ta fara shirinta na Ceibal a 2007 ƙarƙashin Shugaba Tabaré Vázquez, ta kai ga kowane ɗan firamaren gwamnati a 2009 sannan ta shiga sakandare, ta ɗore ne saboda ta ɗauki gyara da jan intanet a matsayin aikin hukuma na kullum. Dokarku ta zama: wadda ta lalace da safe, yaro ya karɓi ta aro kafin a tashi. Ku koya wa wasu ɗalibai canza madannai da batir. Suna iyawa, kuma sana'a ce.

6. Ku zuba abin karatu a ciki, wanda ke aiki ko babu intanet.
Kwamfutar da babu darasi a cikinta fim da wasa za su cike ta. Ku saka littattafan da tsarin karatu ya amince da su, da tambayoyin jarrabawar baya, da ƙamus, da taswira. Akwai manhajoji na kyauta irin su Kolibri da Kiwix da ke ɗaukar darussa da Wikipedia, har da ta Hausa, su ajiye a ƙaramin rumbu cikin makaranta, yara su buɗe ba tare da sayen data ba. Jihar Osun ta kama wannan dabara a 2013 da ta raba wa 'yan babbar sakandare na'urar hannu mai suna Opon Imo da littattafai da tambayoyi a cikinta. Malamai su duba kowane darasi, su ga ya yi daidai da jadawalin zango, kafin a biya ko sisi.

7. Ku sayi mai madannai.
Inda Maine ta fi ganin riba shi ne rubutu. Binciken da aka yi a Jami'ar Kudancin Maine a 2007 ya nuna makin rubutun 'yan aji takwas ya ɗaga tsakanin 2000 da 2005, kuma waɗanda suka yi amfani da kwamfuta tun daga tsara tunani har gyaran ƙarshe su suka fi cin maki. A 2013 makarantu da yawa a jihar suka koma iPad. Ba a je ko'ina ba malamai suka fara kukan cewa ta zama abin wasa, sai a 2016 aka buɗe ƙofar mayar da ita a karɓi kwamfuta mai madannai. Na'urar shafa-da-yatsa ta kallo ce. Ɗalibi kuwa rubutu ake so ya yi. Ga yaran Najeriya akwai ƙarin dalili: tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, kuma bai kamata yaro ya fara taɓa madannai a zauren jarrabawa ba.

8. Ku fara da kaɗan, ku sa bare ya auna, ku bayyana sakamakon.
Maine ta fara da makarantu tara na gwaji kafin ta watsa shirin. Ku ma ku zaɓi kaɗan, amma kada ku zaɓi na cikin gari masu fenti kaɗai. Ku haɗa da ta ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, da ta 'yan mata, da mai cunkoso. Ku ware wasu makarantu masu kama da su da ba a ba su ba, don a kwatanta. Masu aunawa su fito daga jami'a ko kwalejin ilimi, ba daga ofishin da ya ba da kwangila ba. Sakamako ya yi daɗi ko ya yi ɗaci, ku buga shi kowa ya gani.

9. Ku zauna da iyaye kafin yaro ya kai ta gida.
A kira taron iyaye da malamai, a buɗe na'urar a gabansu, a nuna musu abin da ke ciki, a karanta yarjejeniya da harshen da suke ji, kowa ya sa hannu. A faɗa musu ƙarara: ta makaranta ce, amanar yaro ce. Ba ta yayansa mai neman aiki ba ce, ba ta kawunsa mai shagon tura waƙoƙi ba ce. A kula da 'yan mata musamman, domin ta yarinya ce ake saurin karɓewa a ce wanta ya fi ta buƙata. Kai kuma uba, ka kafa doka a gidanka: a tsakar gida ko a falo ake buɗe ta, inda ido ke gani, kuma bayan sallar isha'i a rufe a miƙa wa uwa. Inda hanya ba ta da tsaro, a bar ta a makaranta, a buɗe ɗakin karatu da yamma.

ABIN DA BA ZA A YI BA

1. Kada ku mayar da ita kayan yaƙin neman zaɓe.
Kada a liƙa hoton kowa a murfi, kada a sa launin jam'iyya, kada a kwaso yara cikin rana su jira mai girma ya iso. A 2013 Uhuru Kenyatta ya yi wa 'yan ajin farko na firamaren Kenya alkawarin kwamfuta a lokacin kamfen neman shugabancin ƙasa. Kwangilar farko ta rushe cikin rikici, aka koma ƙananan na'urorin hannu a 2016, zuwa 2019 ma'aikatar ilimi ta karkata ga gina ɗakunan kwamfuta. Shirin Maine kuwa ya rayu bayan King ya sauka a 2003, ya ratsa zamanin Gwamna John Baldacci, ya ratsa na Gwamna Paul LePage wanda bai ɓoye sukarsa ba, saboda yana cikin doka da kasafi. Shirin da ke ɗauke da fuskar mutum ɗaya, ranar da ya bar kujera ake binne shi.

2. Kada ku bar mai sayarwa ya tsara muku abin da za ku saya.
A 2013 hukumar makarantun birnin Los Angeles ta ɗauko shirin dala biliyan 1.3 na ba kowane ɗalibi iPad, da darussan kamfanin Pearson a ciki. Aka biya dala 768 kan kowace ɗaya, alhali darussan ba su kammala ba, madannai kuma sai da aka saya daban. Daga baya wasiƙu suka fito da ke nuna manyan hukumar sun daɗe suna tattaunawa da kamfanonin kafin a buɗe takarar kwangila. Shugaban hukumar, John Deasy, ya ajiye aiki a Oktoban 2014, hukumar FBI ta kwashi takardu, shirin ya watse. Ba a gurfanar da kowa ba, amma kuɗi da lokacin yara sun tafi. Malamai da injiniyoyinku su rubuta sharuɗɗa, a yi takara a fili, a riƙe wani kaso na kuɗin sai an ga garanti na aiki.

3. Kada ku yarda da mai cewa yaro zai koya da kansa.
Nicholas Negroponte, wanda ya kafa One Laptop per Child a 2005 da alkawarin kwamfutar dala 100, ya taɓa maganar a jefa na'urori daga jirgi mai saukar ungulu a ƙauyuka a bar yara da su. Ƙasar Peru ta sayi sama da 800,000. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da binciken makarantun karkara 319 bayan wata 15 da rabo: yara sun iya sarrafa na'urar, an ga ɗan ci gaba a kaifin tunani, amma a lissafi da harshe babu bambanci da waɗanda ba su samu ba. Ko a Uruguay binciken shekarun farko bai ga tashi a karatu da lissafi ba. Yaro zai gano yadda ake ɗaukar hoto da sauke wasa cikin awa guda. Raba lamba da lamba, da gina jimla mai ma'ana, sai da malami.

4. Kada ku kulle su a sito.
Wannan gargaɗin naka ne, shugaban makaranta. An san abin da kake tsoro: ka sa hannu a kan guda 200, kuma ranar da masu bincike suka zo 200 za su ƙirga. Sai ka jera kwalaye a bayan ofishinka har rufi, ka ja labule, ka sa kwaɗo biyu, makulli a aljihunka. Ana fito da goma ranar da baƙi za su zo, a goge ƙura, a zaunar da yara masu wankakken yunifom. Bayan shekara biyu a buɗe sauran a tarar batir ya kumbura ya ɗaga madannai, gara ta ci kwali, garanti ya ƙare. Ka kashe su ke nan ba tare da yaro ko ɗaya ya amfana ba. Ku kuma na ma'aikata, ku daina tambayar nawa ke sito. Ku tambayi nawa aka buɗe a aji wannan makon, kuma ku rubuta a doka cewa lalacewar da ta faru wajen karatu ba laifin shugaban makaranta ba ne.

5. Kada a bar ta a buɗe daga safe har tashi.
Rahoton ƙungiyar OECD na 2015 ya gano cewa ɗaliban da ke amfani da kwamfuta a makaranta daidai wa daida sun ɗan fi masu amfani da ita jefi-jefi, amma masu yawan amfani da ita sosai sun fi kowa faɗuwa. Suwidin, wadda ta yi nisa wajen cika azuzuwa da na'urori, ta sanar a 2023 cewa za ta koma zuba kuɗi a littattafan takarda. Malam, kai ke da aji. Ka ce "a buɗe" idan aiki ya zo, ka ce "a rufe" idan za ka yi bayani, kuma kada ka fara magana sai ka ji murfi na ƙarshe ya sauka. Ka riƙa zagayawa ta bayan yara inda za ka ga fuskar kowace na'ura. Kada a janye littafi da biro: lissafi a fara shi a takarda, rubutun hannu a ci gaba da duba shi.

6. Kada ku dogara da shingen intanet kaɗai.
Ku saka shi, dole ne. Amma ku san yara za su haura. A Los Angeles, cikin mako guda da rabo ɗalibai kusan 300 a wata sakandare suka cire shingen suka shiga Facebook da YouTube. A 2007 Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya ya ruwaito an ga hotunan batsa a kwamfutocin da aka ba 'yan wata firamare a Abuja, sai daga baya aka yi maganar saka shinge. Ku saka naku tun kafin rabo, ku riƙa sabunta shi, sannan ku yi abin da na'ura ba za ta yi ba: ku koya wa yaro abin da zai yi idan baƙo ya turo masa saƙo, ko aka nemi hotonsa, ko aka zage shi, da wanda zai kai wa ƙara ba tare da tsoron duka ba.

7. Kada ku leƙi yara a ɗakunansu.
A 2010 aka gano hukumar makarantun Lower Merion a jihar Pennsylvania tana kunna kyamarar kwamfutocin da ta ba ɗalibai daga nesa, da sunan neman waɗanda suka ɓace. Hotuna sama da 56,000 aka tara, wasu na yara a ɗakin kwanansu. Ta biya dala 610,000 don a sasanta. Kada wani ma'aikaci ya sami ikon kunna kyamara ko makirufo daga nesa. Kada a miƙa wa kamfani sunayen yara da hotunansu da makinsu ba tare da an rubuta abin da zai yi da su da ranar da zai goge ba. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanku, kuma ta nemi yardar iyaye a kan bayanan yara.

8. Kada ku karɓi aikin da aka kwafo.
Shafi mai tsabta da haruffa masu kyau na ruɗar malami. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, yaro na iya kawo insha'i cikakke wanda bai karanta ko layin farko ba. Ka tsayar da shi, ka rufe murfin, ka ce ya faɗa maka da bakinsa abin da ya rubuta. Ka nemi zubin farko da na biyu, ka ga inda ya gyara. Ka ba da aikin da amsarsa ba ta intanet: farashin kwanon masara a kasuwar garinsu mako huɗu a jere, ko tarihin unguwarsu daga bakin kakarsa. Idan ka ba aikin sata maki, ka koya wa yaro cewa sata na biya.

9. Kada kuɗin gyara ya kori ɗan talaka, kada kuma ƙwace ta ya zama horo.
Idan kuka ce duk wanda ya fasa gilashi uban zai biya kuɗinsa cif, iyaye marasa ƙarfi za su hana 'ya'yansu karɓa, ko yaro ya daina zuwa makaranta don tsoro. Shirin da aka kawo don rage tazara sai ya faɗaɗa ta. Ku yi asusun gyara, ku bambanta tsautsayi da ganganci, mai ganganci ya biya da aiki a makaranta. Yaron da ya yi laifi a hore shi ta wata hanya. Ba a ƙwace wa ɗalibi littafin lissafi don ya makara.

10. Kada ku ɗebi kuɗin rufin aji da albashin malami ku sayi kwamfuta.
Seymour Papert, masanin da ya ba Gwamna King shawara, ya nace cewa sai kowane yaro na da tasa ake ganin canji na gaske. Amma ya faɗi haka ne a wurin da aji ke da rufi, da kujera, da malami. Inda yara 100 ke zaune a ƙasa, inda ɗan aji ɗaya na sakandare ba ya iya karanta sakin layi, inda malami ke bin bashin albashi, kwamfuta ga kowa ba ita ce ta farko a layi ba. Ku gyara waɗancan, ku yi ɗakin kwamfuta ɗaya mai sola da malami ƙwararre, kowane aji ya shiga sau biyu ko uku a mako. Guda 40 da ke aiki kullum sun fi 400 da suka mutu a zango na biyu. Babu abin kunya a faɗin cewa lokaci bai yi ba.

Wanda ya ga zai iya cika waɗannan duka, bismilla, ya fara, kuma yara za su amfana. A ƙarshen kowace shekara kuma majalisa da iyaye su nemi alƙaluma uku a rubuce: kwamfuta nawa ke aiki har yanzu cikin waɗanda aka raba, darasi nawa ake yi da su a mako a kowace makaranta, kuma ina rubutu da lissafin yara suka kai idan aka kwatanta da awon farko. Jami'in da ya zo da adadin da aka raba kaɗai, da hotunan ranar biki, a mayar masa da takardarsa, kuma kada a saki kuɗin baɗi sai ya kawo amsa.